Iskar Garwashi da Sunayenta

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da gyaran inji a makarantar koyon sana'a, kuma kalmar da ta fi ba ni ciwon kai harafi uku ce kacal: gas. Direban tirela ya ce zai tsaya shan gas, man dizal yake nufi. Uwargida ta ce gas ya ƙare, tukunyar girki ce ta yi sanyi. Mai walda ya aiki yaro ya kawo gas, wannan kuma kabaid ne da ruwa, ko doguwar tukunyar oksijin. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 an ƙaro mana na huɗu, wanda ake ɗura wa motocin haya a tukunya cikin but. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan huta, tunda su dizal gazuwal suke ce masa.

Bara da kaka ɗan ƙanwata ya kawo mini na biyar. Yana da injin casar shinkafa a wajen Kura, buntu ya taru masa tsibi guda bayan shago, kuɗin man janareta kuma yana cinye ribar. Ya zauna a zaure ya ce, "Kawu, na ga wani inji a waya da ke mai da buntu gas, a tada janareta da shi. Na gwada, abin ya ƙi." Na ce yaya ka gwada? Ashe rami ya haƙa, ya yi masa siminti, ya zuba buntu da ruwa da kashin shanu, ya rufe da leda mai kauri, ya jira kwana arba'in. Na ce ya nuna mini hoton. Abin da na gani ganga ce ta ƙarfe a tsaye, da wuta a cikinta, da fanka a gefe. Amma wanda ya ɗora hoton ya rubuta bayogas a kai, shi kuma yaron ya je ya tambayi yadda ake bayogas, aka gaya masa gaskiya: rami, ruwa, kashin dabbobi, haƙuri. Amsar daidai ce, tambayar ce ta wani abu dabam. Buhun siminti shida da kwana arba'in suka tafi a kan kalma ɗaya.

Gangar nan da ya gani ta girmi kakansa. Na san ta ne ta wani tsohon littafi na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bugun 1986, wanda ya yi shekaru a kabad ɗin ofishinmu ba mai buɗewa, har gara ta ɗanɗana bayansa. Daga nan na yi ta bin sawun sana'ar, kuma duk inda na leƙa sai in tarar ana rigima a kan suna.

Ita kanta kalmar gas mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro ta, kuma a kan gawayi. Wani likita ne ɗan Burasal, Jan Baptist van Helmont, wanda ya rasu a 1644, ɗansa ya buga rubuce-rubucensa a 1648. Ya ƙona gawayi laba 62, ya auna tokar ya samu laba ɗaya. Ina sauran 61? Ya ce sun zama wani ruhun daji wanda ba ya kamuwa a kwano, ba a kuma ganinsa, ya lanƙwasa wata kalmar Girkanci mai nufin hargitsi ya raɗa masa gas. Har ya lura cewa iskar da ke tashi daga gawayi mai ci ita ce ke tashi daga ruwan inabi mai tsami. A nan ya yi daidai, domin duka biyun kabon dayoksaid ne. Amma ka ga tun ranar suna aka kwantar da ƙonawa da ruɓewa a shimfiɗa ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya ga abin da zan yi magana a kai. In maƙeri ya tara gawayin ƙirya da kauri, yaro ya danna zugazugi, za ka ga wani siririn harshen wuta shuɗi yana rawa a saman tulin, kamar bai taɓa gawayin ba. A ƙasa, inda iska ke shiga, gawayi yana ci sosai yana ba da kabon dayoksaid, iskar da ta gama aikinta, ba ta ƙara kamawa. Da ta ratso ta cikin jan garwashin da ke sama, inda babu sauran oksijin, sai garwashin ya ƙwace mata rabin wanda take ɗauke da shi, ta koma kabon monoksaid. Wannan tana ci da wuta. Ita ce shuɗin harshen. Duk sana'ar nan, daga farkonta har yau, dabarar hana wannan iska kamawa a saman garwashi ce, a ja ta cikin bututu a kai ta inda ake so ta kama. Ni a aji iskar garwashi nake ce mata, ɗalibaina kuma ba su taɓa rikita ta da wata ba.

Masana sun daɗe kafin su gane ta. A 1776 wani Bafaranshe, de Lassone, ya samar da ita ya ga shuɗin harshe ya ce haidirojin ce. Sai a 1800 William Cruickshank ya nuna cewa kabon ne da oksijin.

Sana'ar gas ta fara ne da fitila. William Murdoch ya haska gidansa a Redruth da gas ɗin kwal a 1792. Philippe Lebon a Faransa ya yi rajistar tasa dabarar a 1799, shi da itace yake yi. A 1807 aka kunna fitilun titin Pall Mall a Landan, a 1812 aka kafa kamfanin gas na farko a birnin. Sai dai su waɗannan ba sa barin iska ta shiga ko kaɗan. Tukunyar ƙarfe ce a rufe, a cika ta da kwal ko itace, a hura mata wuta daga waje, abin da ke ciki ya dahu ya fitar da tururinsa. Masu yin gawayi a dajinmu haka suke yi in sun binne itace da ƙasa, bambancin kawai su gawayin suke so, su bar hayaƙin ya tafi, Murdoch kuwa hayaƙin yake so. Wannan shi aka kira gas ɗin kwal, daga baya gas ɗin gari.

Hanya ta biyu ta fito daga masu narka ƙarfe da gilashi. Bischof a Jamus ya gina tanderun farko a 1839, 'yan'uwan nan Siemens suka kyautata shi wajen 1861. Nan ana barin iska ta shiga da gangan, amma 'yar kaɗan, kamar rubu'i zuwa sulusin abin da wutar ke buƙata ta ci gaba ɗaya. Maƙera ce aka sa wa murfi. Turawan Ingila suka ce mata furodusa gas. Hanya ta uku, a sa garwashi ya yi ja sannan a busa masa tururin ruwa zalla, garwashin ya fasa ruwan, a samu haidirojin da kabon monoksaid. Felice Fontana ya ga haka tun 1780, Thaddeus Lowe a Amurka ya mai da shi kasuwanci a shekarun 1870. Wannan gas ɗin ruwa.

Abin da nake sha'awa ga mutanen wancan zamani shi ne kowane suna amsa ce ga tambaya guda: me ka busa wa garwashin? Ba ka busa komai ba, gas ɗin kwal. Ka busa tururi, gas ɗin ruwa. Ka busa iskar da muke shaƙa, furodusa. Kuma ba iyayi ba ne, kuɗi ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wadda ba ta ci ba ta ba da komai, ta shiga ta fito yadda take. Saboda haka rabin iskar garwashi naitirojin ce zalla. Sauran, in da itace aka yi, kabon monoksaid kamar kashi 20, haidirojin ƙasa da haka kaɗan, kabon dayoksaid kamar 10, metan ɗan yayyafi. Zafin da ke cikin mita kubik guda bai wuce megajul 4 zuwa 6 ba, alhali gas ɗin ƙarƙashin ƙasa yana haura 35. Faransawa ba su yi mata kara ba, gas matalauci suka sa mata. Wanda ya sayi kan murhu ko faɗin bututu na wani gas ya haɗa da wani, ko dai wuta ta ƙi kamawa ko ta kama inda ba a so.

Mutane suna mantawa cewa injin da muke gyarawa a gareji da gas ya fara numfashi. Injin Lenoir na 1860 da na Otto na 1876 duk gas ɗin fitila suke sha, fetur daga baya ya zo. A 1878 wani Bature ɗan Ingila, Dowson, ya haɗa tanderun furodusa da inji, ya raba injin da bututun gari. Daga baya aka gane ba ma sai an hura ba, shi injin in fistin ya sauka yana zuƙa, zuƙar nan ta isa ta ja iska ta cikin garwashi. To tunda inji na iya hura wutarsa da kansa, me zai hana a ɗora gangar a bayan mota?

Da gawayi abin yana da sauƙi, domin an riga an kore masa kwalta a daji. Da ɗanyen itace kuwa masifa ce. Itace in ya ji zafi yana fitar da tururi mai yauƙi, shi ne ke baƙanta rufin ɗakin girki ya yi ƙyalli. In ya shiga inji ya huce, sai ya daskare a kan bawul. Da safe ka murɗa maɓalli bawul ya ƙi komawa, sandar turawa ta lanƙwashe. Wanda ya yi maganin wannan Georges Imbert ne, mutumin Loren a iyakar Faransa da Jamus, an haife shi a 1884, ya rasu a 1950. A shekarun 1920 ya juya tafiyar iskar. A tsohon tanderu iska daga ƙasa take shiga ta fita ta sama, ta kwaso duk kwaltar ɗanyen itacen da ke bisa. Imbert ya jera 'yan bututun iska zagaye da tsakiyar ganga, ya tsuke ƙarƙashinsu kamar mazurari, ya sa a riƙa jan gas ɗin ta ƙasa. Duk tururin da itace ya fitar dole ya bi ta wannan maƙogwaro, inda zafi ya haura digiri 1,000, ya farfashe kafin ya wuce. Mai hawa sama yana ba da kwalta giram hamsin zuwa ɗari a mita kubik, mai gangarowa kamar giram ɗaya. Shi kuma inji ba ya son ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram, shi ya sa ko bayan maƙogwaron sai an bi da gas ɗin ta mai kaɗe ƙura, da wani lagireto na sanyaya shi, da matata. Kamfanin Berliet ya sa gangar Imbert a manyan motocinsa, sojojin Faransa suka riƙa shirya gasar motocin gawayi, a Jamus aka buɗe masana'anta a Kolon.

Duk da haka da ba don yaƙi ba da abin ya tsaya a hannun 'yan ƙalilan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, fetur ya zama na soja. Kafin a gama, motoci fiye da miliyan ɗaya a duniya da itace ko gawayi suke tafiya. Jamus kaɗai kusan 500,000. Suwidin, wadda ba ta shiga yaƙin ba amma aka toshe mata hanyar mai, tana da kamar 73,000 a 1942. Finland tana da 43,000 a 1944, har da taraktoci da jiragen ruwa. Ostareliya ta haura 70,000. A Japan motocin bas ne na gawayi, a Barazil har tseren motoci aka yi da shi, a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka manyan motoci suka koma gawayi da jiragen mai suka daina zuwa.

In ka ji labarin direban wancan lokaci sai ka gode wa Allah da layin gidan mai. Da asuba zai kaɗe toka, ya zuba gawayi a maƙogwaro, ya cika gangar da guntayen busasshen itace masu girman akwatin ashana, ya cusa tsumma mai wuta, ya kunna fanka. Zai jira minti goma ko fiye, yana kai ashana bakin bututun gwaji. In harshen ya kama ya tsaya shuɗi-shuɗi ba ya yankewa, sai ya rufe ya tada mota. Kilo biyu da rabi zuwa uku na itace ke maye lita ɗaya ta fetur, saboda haka buhuna a kan rufi, tsayawa kuma bayan 'yan kilomita gommai a ƙara, a zungura da sandar ƙarfe. A Jamus gidajen mai itace suke sayarwa a buhu, suna ce masa itacen tanki. Ƙarfin mota kuwa ya ragu da sulusi, wani lokaci rabi. Ɗalibaina sukan tambaya, Malam, in gas ɗin ya gaza na ƙasa sau bakwai, me ya sa ƙarfin bai ragu sau bakwai ba? Amsar tana wajen gauraya. Gas ɗin ƙasa sai ka haɗa awo ɗaya da awo goma na iska. Iskar garwashi awo ɗaya da ɗaya ne. Abin da ke cika silinda gaurayen ne, kuma tazarar gaurayen biyu ba ta kai ta gas ɗin zalla ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa janaretan da aka daidaita wa bayogas, wanda ke son iska kamar awo shida, ba zai tashi da iskar garwashi ba sai an canja masa magauraya.

Kowace ƙasa da sunan da ta sa wa gangar. Faransawa gazojen, Barazil gazojeniyo, Jamusawa gas ɗin itace. 'Yan Suwidin suka ce gengas, gajarcewar gas ɗin janareta, kuma janareta a bakinsu ita gangar ce mai haifar da gas, ba injin lantarki ba. Duk ɗan Najeriya da ya karanta tsofaffin littattafan nan sai ya yi tuntuɓe a wannan wuri. Ni ma na yi.

Sunan da na fi so na mutanen Finland ne: häkäpönttö. Pönttö ganga ce. Häkä kuwa tsohuwar kalmarsu ce ta mugun numfashin garwashi, wanda suka sani tun kaka da kakanni daga murhun ɗaki da ɗakin wankan tururi, in an rufe bututun hayaƙi garwashi bai mutu ba. Wato gangar guba. Duk yaron da ya ji sunan ya san kada ya kwanta kusa da ita. Domin abin da ke tafiyar da motar shi ne abin da ke kisa. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Kaɗan ƙwarai cikin iskar ɗaki ta isa ta kwantar da ƙato, ga shi kuwa gangar kashi 20 cikin 100 take fitarwa. A Suwidin lokacin sanyi direbobi kan kunna fanka cikin gareji a rufe, ko su kashe mota su bar gangar tana huci. Wasu suka mutu a nan, da yawa suka yi ta fama da ciwon kai da jiri da mantuwa, har aka buɗe sashen asibiti na musamman a Stockholm domin masu gubar gengas, likitoci suka shekara suna gardama a kan ko akwai irinta mai daɗewa a jiki.

A nan ne nake jin haushin yadda muke magana. In an wayi gari iyali sun mutu a ɗaki sai a ce hayaƙin janareta ne, ko hayaƙin gawayi. Hayaƙi kuwa abu ne da ake gani, yana sa hawaye, yana sa tari, yana korar mutum waje. Shi ya sa mai jego kan jira kurfoti ya daina hayaƙi, garwashi ya yi ja tas, sannan ta shigar da shi ɗaki ta rufe taga cikin hunturu, hankalinta kwance. Alhali lokacin da hayaƙi ya ɗauke, lokacin ne garwashin ke fitar da kabon monoksaid tsantsa. Kalmar da muka zaɓa tana gaya wa mutum haɗari ya wuce daidai sa'ad da ya iso. Haka ma masu cewa motar da ke tafiya da hayaƙi. Motar da ta sha hayaƙi kwana biyu take yi ta tsaya, hayaƙi shi ne kwaltar da Imbert ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa.

Da fetur ya dawo bayan 1945 aka yi ta kwance gangunan ana jefarwa bayan gareji, ba wanda ya yi kewarsu. Suwidin kuwa ta ƙi mantawa. A 1950 cibiyar injiniyoyinta ta tattara duk abin da aka koya a littafi guda, bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 kuma gwamnati ta sa aka ci gaba da gwaji don ranar tsiya. Da farashin mai ya yi tsalle a 1973 sai duniya ta tuna, Amurkawa suka fassara littafin nan a 1979.

Farfaɗowar shekarun 1980 ba ta yi daɗi ba. A Filifin gwamnatin Marcos ta raba ɗaruruwan ganguna na gawayi don injinan ban ruwa, cikin 'yan shekaru yawancinsu suka tsaya. Gawayi ya yi tsada, ba a horar da masu kula ba, sannan mai ya faɗi warwas a 1986. A wasu ƙasashen kuwa kwalta ce ta ci injina, kuma a nan suna ya sake shigowa. Mai ƙera ganga zai rubuta a takarda cewa tasa kwalta kaza take fitarwa, ƙasa da abin da inji ke jurewa. A saya, a haɗa, wata uku bawul ya kafe. Ba lalle ƙarya ya yi ba. Kwalta ba abu ɗaya ba ce, ɗaruruwan sinadarai ne, wasu suna daskarewa da wuri wasu sai an sanyaya sosai. Wani ya tace da auduga ya auna abin da ya maƙale, wani ya bi da gas ɗin ta ruwan sinadari mai sanyi ya kama ninkin wancan, duka biyun su ce sun auna kwalta. Sai a 1998 masana daga Turai da Amurka suka zauna a Burasal, garin van Helmont, suka yarda cewa kwalta ita ce duk sinadarin da ƙwayarsa ta fi ta benzin nauyi. Ƙa'idar yadda za a auna ta a Turai ba ta fito ba sai 2006. Shekara ɗari da sittin da wani abu bayan tanderun Bischof kafin a daidaita ma'anar abin da ke kashe injin.

Yanzu kuma yayin wata kalma ake yi, singas. Asalinta gas ɗin haɗa sinadarai ne, haidirojin da kabon monoksaid ba naitirojin, wanda ake samu in an busa oksijin zalla da tururi. Da shi Fischer da Tropsch suka yi man roba a Jamus a 1925, da shi kamfanin Sasol ya fara mai da kwal fetur a Afirka ta Kudu a 1955. Yau duk mai tallar ganga singas yake cewa, saboda ta fi daɗin ji a kunnen mai ba da rance. Na taɓa ganin takardar neman tallafi inda wani ya yi alkawarin zai cika tukwanen girki da singas ɗin buntu ya raba wa mata. Gas ɗin tukunya furofen ne da butan, in an matse su suna zama ruwa, shi ya sa kilo goma sha biyu da rabi ke shiga tukunya ɗaya. Iskar garwashi ba ta zama ruwa da matsi irin wannan, rabinta naitirojin ne, abin da za ka cusa a tukunyar da ƙyar ya dafa shayi. Ga shi kuma ka kai gangar guba cikin ɗakin girki.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan ƙanwata a zama ɗaya ba. Na dai ɗauki alli na rubuta masa uku a bangon zaure. Iskar ruɓa, wadda ƙwayoyin bakteriya ke yi a rami mai ruwa ba wuta, fiye da rabinta metan, abincinta kashin shanu da sauran abu mai laushi. Iskar garwashi, wadda wuta ke yi a busasshiyar ganga. Iskar tukunya, ta gidan mai. Buntu abu ne mai tauri, kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai yashi-yashi, bakteriya ba sa iya cinsa, ko shekara zai yi a ramin. Na ganga ne. Amma ba gangar Imbert ba, domin tokar buntu tana toshe maƙogwaro. Tasa mai buɗaɗɗen kai ce, miƙaƙƙiya ba tsukewa, ana kwashe toka ta ƙasa ba fasawa, irin wadda Sinawa suka daɗe suna amfani da ita a injinan shinkafa. A Indiya wasu samari sun haska ƙauyen Tamkuha na jihar Bihar da irinta a 2007, suka kafa kamfanin Husk Power, sunan da ke nufin wutar buntu. Kamfanin ya iso jihar Nasarawa a 2021, amma da faifan hasken rana ya zo, sunan kawai ya rage na buntu.

Ya ce, "To Kawu, da itace fa, tunda ya fi sauƙi?" Na ce ya leƙa hanyar Falgore ya ƙirga motocin gawayi tukuna. Yawancin ƙasashen da suka yi tafiya da itace ƙasashen kurmi ne, su ma kafin yaƙin ya ƙare sun fara jin jiki. Mu abin da muke da shi buntu ne da totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Kamar kilo biyu na buntu ke ba da yunit ɗaya na lantarki, kuma ruwan da aka wanke gas ɗin da shi baƙi ne mai guba, ba a sakinsa cikin fadamar da ake noman shinkafar.

Da zai tafi wajen wani mai sayar da injin a Kano na ba shi tambayoyi a takarda. Iska ake busawa ko tururi? Ta sama gas ɗin ke fita ko ta ƙasa? Kwalta nawa, kuma da wace hanya aka auna? Awa nawa wani inji irinsa ya yi yana aiki da buntu, ba da gawayi ba, kuma a ina yake mu je mu gani? Ya dawo bayan la'asar ya ce mutumin ya amsa biyun farko, a ta uku ya ce injinsa ba ya kwalta sam, a ta huɗu ya ce zai kira shi. Har yau bai kira ba.

Ramin kuwa bai tafi a banza ba. Mun kwashe buntun, maƙwabcinsa mai turken shanu ya riƙa kawo kashi, cikin sati biyar ledar ta kumbura. Bai isa janareta ba, amma matar mai gadin injin da shi take dafa tuwon dare. Na je na gani da idona ranar wata Asabar. Harshen shuɗi ne, kusan irin na maƙera, har yaron ya ce, "Kawu, ai ga shi nan iri ɗaya ne." Na ce ya je ya ɗebo mini buntu a kwano da tsohuwar gwangwanin madara da ƙusa, in nuna masa ɗayan, amma a waje, ba cikin shago ba.